Layi Mai Giɓi a Kan Burtali

Bayan gidanmu, a Magarya, akwai burtali. Ya sauko daga tudu, ya ratsa tsakanin gonaki, aguwa na tsare da shi dama da hagu, har ya faɗa mashaya a bakin gulbi. Nan na same shi ranar da anka kawo ni gidan malam, mijina, ina yarinya, kuma yana nan har yau da nake ba ku wanga labari. Amma an yi wata shekara da masu bin shi sunka fara ɗaure kaya za su bar shi. Ba fari ya kore su ba, ba ciwon shanu ba. Layi ne a kan takarda, siriri kamar zare.

Ina da ƙawa Bafillata. Ba a nan anka haife ta ba. Rugarsu ta fari tana can gabas, wajen Goronyo, cikin wani kwari mai ciyawar da ta kan ce har ta mutu ba za ta sake ganin irinta ba. Da anka yi madatsar ruwa, ruwa ya taru, ya hau, ya ci gaba da hawa, har ya cinye kwarin, da rugar, da makwancin iyayen mijinta. Mijin nata shi ne ardonsu. Ya kwaso jama'arshi ya biyo gulbi, mai garinmu ya nuna masu tudun da ke saman burtali, sunka kafa bukkoki.

Da fari fura ta haɗa mu, ita da ƙwaryar nono, ni da dawo. Ta ce dawona ya cika yaji, na ce nononta ya gaisa da rijiya kafin ya iso. Ita ta kan ce mani Kaɗo, ni in ce mata 'yar daji. A haka munka saba.

Sai Allah ya karɓi matar ɗana, ba ta ko gama wankan jego ba. Ta bar mani jinjira a hannu, 'yar mitsitsiya, kukanta ma ba ya fita ɗaki. Ban aika ba, ban roƙa ba. Da safe sai ga ƙawata da wata ƙaramar ƙwarya rufe da faifai, madara a ciki da ɗuminta. Ta ce ta ware farar saniya guda, wagga ta yarinya ce. Na miƙa hannu zan auno mata hatsi, ta dube ni kamar na zage ta, na maida hannuna. Kullum safiya ta Allah ƙwaryar nan na saukowa ta burtali, ko ana ruwa ko ana rana, mu dafa, mu fifita, mu ɗura wa yarinya da ɗan ludayi. Har ta yi haƙora, har ta fara tsinto tuwo daga akushina. Jikata da nonon shanun burtali ta yi ƙashi, kowa a garin ya san haka.

Yarinya ta girma. Ta yi allo a zauren kakanta kafin ya rasu, ubanta ya sa ta boko, ta wuce Sakkwato ta koyi zanen gini da na hanyoyin ruwa. Ni ban san baƙin boko ko ɗaya ba, abin da na sani shi ne ta kan zauna gaban kwamfuta ta zana abu tun ba a gina shi ba, daga baya magina su bi abin da ta zana. Da anka tashi jawo kanal zuwa fadamarmu, wato babbar hanyar ruwan nan ta siminti, kamfanin da anka ba aikin ya ɗauke ta. Ofishinsu na Wurno. Juma'a da la'asar take tahowa gida, Litinin da safe ta koma.

Gari ya yi murna da zancen kanal. Wanda ke ja da guga ya ce ya huta, masu albasa da tafarnuwa sunka fara duban filayen da ba a taɓa nomawa da rani ba. Masu awo sunka zo da abin hangensu, sunka bi fadama suna kafa turaku masu jan kai. Turakun sunka taho a jere har jikin aguwar burtali, sunka tsallaka, sunka ci gaba a ɗaya gefen. Babu wanda ya ce komi a kai, sai ranar da anka aiko wa mai gari da babbar takardar zane.

Ban je wurin ba, ɗana ya ba ni labari. An shimfiɗa takardar a zaure, an danne kusurwoyinta da takalma, maza sun kewaye ta. Anka kira ardo. Ya durƙusa, ya ɗora yatsa kan wani layi mai kauri, ya ce wanga fa? Anka ce kanal ke nan. Ya ce wanga da ya gitta shi fa? Anka duba, anka ce burtalinku ne. Ya bi layin kanal da yatsa a hankali, har ya shiga burtalin, har ya fita.

"Bai tsaya ba," in ji shi.

Anka ce bai tsaya ba.

Ardo ya san kanal, ya gan shi wajen Wurno. Bangonshi santsi gare shi, maraƙi in ya faɗa ba ya fitowa, saniya ba ta tsallake shi. Ya miƙe, ya yi wa mai gari godiya, ya saɓa sandarshi ya tafi.

Kwana biyu ban ga ƙawata ba. Ranar da ta zo, da hantsi, babu ƙwaryar nono a kanta.

"Kaɗo, kina ciki?"

"Ina za ni? Shigo. Ina nonon, ko yau rijiyar ta ƙafe?"

Ba ta yi dariya ba. Ta zauna bakin tabarma, ta kwance gefen zanenta, ta fiddo ƙaramar ƙwaryar nan. Na gane ta nan take. Ta taɓa tsagewa anka ɗinke ta, ɗinkin ya yi baƙi don tsufa.

"Ki aje wagga wurinki," ta ce.

"Don mi?"

"Ardo ya ce da shanu sun gama cin kara mu tashi. Wajen Maikujera, inda 'yan uwanshi suke. Ya ce ba ya jira sai katafila ta zo ta raba shanu da ruwa sannan ya fara neman wuri."

Wanda ke da ƙafa zai ce Maikujera ba nisa. Amma ni a lokacin gwiwata ta fara ƙi, ita ma bayanta ya fara lanƙwasa. Tsohuwa irina ba ta hawa mota sai gaisuwar mutuwa. Na san in ta tafi, haɗuwarmu ta gaba ɗayarmu na kwance ne an rufe mata fuska.

Can ta ce, tana kallon ƙasa, "An ce mani 'yarmu, jikar nan taki, ita ta zana kanal ɗin."

Na ɗago na dube ta, ta ci gaba.

"Ban ce ta yi laifi ba. Aiki anka sa ta."

Ta tashi ta tafi, ta bar ƙwaryar. Na ɗauke ta na kife kan jeren kwanukana, na kasa cin abincin rana.

Juma'a jikata ta shigo da jakarta a kafaɗa, tana kiran, "Tsohuwa, mi kinka ɓoye mani? Na ji ƙamshin daddawa tun daga tasha." Da ta ga ban rama ba, ta aje jakar ta tsuguna gabana. Na nuna mata ƙwaryar, na gaya mata komi.

"Kaka, wa ya ce kanal zai yanke burtali?" ta ce. "Bututu ne a wurin. Ruwan in ya iso jikin aguwa zai nutse ƙarƙashin ƙasa, ya ɓullo a can gefe. Shanu ta kanshi za su bi, ba su ma san yana nan ba. Ni na zana shi, na sa mashi layi mai giɓi."

Na ce mi ke nan layi mai giɓi?

Ta ɗauki tsinke ta ja layi a ƙasa, doguwa ɗaya. Ta ce abin da ke sarari, ido na ganinshi, haka ake zana shi, a haɗe. Ta sake jan wani, ta ja ta ɗaga, ta ja ta ɗaga. Ta ce abin da ke binne kuwa haka ake yi mashi, guntu-guntu, giɓi a tsakani. Duk mai aiki da zane ya san wanga.

"To ubanki ya ce babu giɓi. Da idonshi ya gani."

"Baba bai sa gilashinshi ba ne."

Ta yafa mayafi ta tafi gidan mai gari ta dubo takardar da kanta. Ba ta jima ba ta dawo, tafiyarta ta sake. Ta zauna kusa da ni, ta ce, "Kaka, gaskiyarsu. A haɗe ya fito."

Da safe munka hau tudu ni da ita, ina dafe da kafaɗarta. Munka sami ardo zaune kan buzu gindin wata ƙirya, yana murza igiya. Na lura an riga an kwance rumfar maruƙa, an tara itacen a gefe. Jikata ta durƙusa ta gaishe shi, Baffa take ce mashi tun tana ƙarama. Ta yi mashi bayanin bututu, ta ja layukan nan a ƙasa kamar yadda ta yi mani. Ya saurare ta har ta gama, bai daina murza igiyarshi ba.

"Ɗiyata, ban ce kin yi ƙarya ba," ya ce. "Wancan karon ma mutanen kirki sunka zo. Sun zauna kan tabarmata, sun sha nono. Baki ya ce ruwa ba zai kai rugarmu ba, takarda ta ce zai kai. Ni na bi baki. Da ƙafata na shiga ruwa har ƙugu ina fidda maruƙa."

"Baffa, ni ce na zana wanga."

"Ke za ki tuƙa katafilar?"

"A'a."

"Mai tuƙa ta bai san ki ba, bai san ni ba. Takarda zai duba. Ranar da takarda ta faɗi abin da kinka faɗi, na ji."

Munka yi sallama munka sauko. Munka iso gida ni da jikata. Ta shige ɗakina, ta saki labule don haske na hana ta gani, ta buɗe kwamfutarta kan kujerar tsugunno. Ban daɗe da zama kusa da ita ba sai na ji motsi a ƙofa. Ƙawata ce, ashe ta biyo bayanmu.

"Faifaina na zo ɗauka," ta ce.

"Wane faifai? Zauna, 'yar daji, abin nan ba ya cizo."

Ta zauna a dokin ƙofa, rabinta ciki rabinta waje.

Fuskar na'urar baƙa ce wuluk, da layuka masu launi a kanta, shuɗi, ja, ruwan ɗorawa. Jikata ta ce fadamarmu ke nan duka, ga gulbi, ga gari, ga tudu. Ni ban ga gari ba, amma na yarda. Hannunta na kan wani ɗan abu mai kama da ƙaramin kunkuru. Ta murza bayanshi da yatsa, sai ƙasar ta taho gare mu, kamar mu ne shirwa muna saukowa daga sama. Ta murza, ta murza, layin kanal ya yi kauri, burtali ya buɗe. Da munka iso kusa ƙwarai, layin da ya ratsa burtalin ya tsintsinke, guntu, giɓi, guntu, giɓi, ƙanana kamar ƙwayar shinkafa.

"Ga su nan," ta ce. "Ban manta ba, Goggo, kin gani. Na sa su."

Ta murza baya, munka koma sama. Giɓin sunka matse, sunka matse, sunka ɓace. Layi ya koma ɗaya.

Ƙawata ta matso ciki. "Sake."

Ta sake. Layi ya tsinke, layi ya haɗe.

"Sake."

Jikata ta ce matsalar ke nan. Lokacin da take zanen wurin, tana kusa, giɓin na fitowa sarai, hankalinta ya kwanta. Ita kuwa takarda daga nesa take kallo, don fadamar nan duka anka matse cikinta. Giɓin da ta sa bai fi tafin hannu ba in a ƙasa ne, to tafin hannu cikin fadama guda, in an matse shi kan takarda, ko gashin kai ya fi shi kauri. Tawada ta cike shi.

"Kin gane, Kaɗo?" in ji ƙawata.

"Ban gane ba."

"Shanu ne. In kin tsaya ƙofarki da marece, sun ɓullo daga tudu, mi kike gani?"

"Farin abu, dogo, kamar igiya."

"In sun iso bayan gidanki fa?"

"Kowace da tazararta."

"To."

Jikata ta yi dariya, karo na fari tun jiya. Ta ce haka ne, Goggo, yanzu sai ta buɗa tazarar yadda ko daga nesa za a gani. Akwai wata lamba da ke riƙe da awon giɓin, ita za ta ɗaga. Ta danna, ta danna. Munka zuba ido. Babu abin da ya sake.

"Ta ƙi ki?" na ce.

"Ta ji. Sai na sake ce mata ta zana daga fari, ba ta yi don kanta."

"Halin ubanki ke nan."

Ta danna wani wuri, fuskar ta ƙifta. Iyakokin gonaki, waɗanda su ma ashe masu giɓi ne, sunka wawware, guntu a nan, guntu a can nesa, har ba ka sanin wace gona ce ta wa. Na burtali kuwa yana nan a haɗe, kamar ba a taɓa shi ba. Na dubi ƙawata, na ga ta fara gyara ɗaurin zanenta irin na mai shirin tashi.

"Tsaya, Goggo," in ji jikata. "Na yi mashi yawa ne. Yanzu guntu ɗaya ya fi faɗin burtalin. Shi kaɗai ya shimfiɗe daga aguwa zuwa aguwa, giɓin bai sami wurin shiga ba."

"Saniya ɗaya ta cika hanya," ƙawata ta ce, ta koma ta zauna.

Daga nan sai lalube. Ta rage, ta ce a sake zanawa, ta duba. Ta ƙara kaɗan, ta duba. In na burtali ya yi kyau, na gonaki ya yi faɗi, in na gonaki ya daidaita, na burtali ya matse. Daga baya ta bar na gonaki yadda ya dace da su, ta kama na burtali shi kaɗai ta ba shi awon kanshi. Gumi na tsattsafo mata a hanci, irin yadda yake yi mata tun tana rarrafe in ta nace kan abu. Ƙawata ta ɗauki faifai tana yi mata fifita, ba ta ma san tana yi ba.

Sannan ta buɗe wani gefe, inda fuskar ta koma fara, da baƙin layi kewaye kamar bakin takarda. Ta ce nan ne na'urar ke nuna yadda abu zai fito in an buga, nan ya kamata ta duba tun farko kafin ta aika. Munka leƙa mu duka, kawunanmu na gugar juna. Ga fadama duka, daga nesa. Ga kanal ya taho a haɗe. Da ya iso burtali sai ya tsinke, guntu, giɓi, guntu, giɓi, ko ni da idona ya fara hazo na gan su. Da ya fita ya sake haɗewa ya ci gaba.

Ƙawata ta kai yatsa za ta taɓa, ta fasa. "Haka zai fito?"

"Haka, in Allah ya so."

"Ardo ba ya kallon gilashin na'ura."

"Na sani, Goggo. Takarda zan kawo mashi."

Litinin ta koma Wurno. Ta gaya wa shugaban aikinsu abin da ya faru, bai ɓata rai ba, ya ce gara da anka gani yanzu. Anka buga sabuwa, ya sa hannu, ya danna hatimi. Ba ta jira Juma'a ba, tsakiyar mako ta taho da ita a naɗe.

Wanga karon na je. Uwargidan mai gari 'yar ƙanen babana ce, ta shimfiɗa mana tabarma ni da ƙawata a bayan zaure, ta ciki, inda muke jin komi, muna hangen rabi ta ƙofa. Anka shimfiɗa takarda, anka danne da takalma. Kafin ardo ya iso, ƙanen mai gari, wanda ke yi mashi rubuce-rubuce, ya sunkuya yana dubawa. Mutum ne mai son abu ya fita tsaf. Ya girgiza kai.

"Ash, tawada ta yanke masu a nan," ya ce. Ya zaro biro daga gefen hularshi, ya cire murfin da haƙori, ya nufi burtali zai haɗe layin.

Jikata ta kife tafin hannunta a wurin. "Baba, don girman Allah. Wuni na yi ina buɗe giɓin nan."

"Ba lalacewa ya yi ba?"

"Lafiyarshi ke nan."

"Ikon Allah," ya ce, yana maida biron. "Mu a makaranta bulala ake yi mana in layi ya tsinke."

Zaure ya ɗauki dariya. Ana cikin haka ardo ya yi sallama. Dariyar ta tsaya. Ya aje sanda, ya durƙusa, ya nemo layin kanal da kanshi ba wanda ya nuna mashi. Ya bi shi da yatsa. Da ya iso giɓin fari ya tsaya.

"Nan ina ruwan?"

"Ƙasa, Baffa."

Ya matsa gaba. "Nan fa?"

"Ƙasa."

"Zurfin mi?"

"In ka tsaya cikin ramin, kanka kaɗai za a gani."

"Bijimi ya taka?"

"Ko babbar mota ta taka."

Ta nuna mashi gefen takardar, inda anka zana ɗan guntun layi mai giɓi da rubutu kusa da shi. Ta ce nan anka rubuta ma'anarshi don mai katafila. Ardo ya juya wurin ƙanen mai gari ya ce ya karanta mashi. Ya karanta, ya fassara, bututu ne binne a ƙasa. Ƙawata ta riƙe mani hannu.

"Tsohuwar takardar fa?" in ji ardo. "Takarda biyu, wace za a bi?"

Jikata ta ce an karɓe duk tsofaffin da ke ofis, ta mai gari kaɗai ta rage. Mai gari ya sa anka ɗauko ta daga bayan buhunan da ke zauren. Ya linke ta, ya miƙa wa ardo, ya ce ka yi yadda ka so da ita. Ardo ya soke ta cikin rigarshi, ya ɗauki sanda.

"Bana dai ba mu tashi," ya ce. "Mu ga aikin."

Ƙawata ta saki hannuna. Ba ta dube ni ba, ni ma ban dube ta ba. Ta ce, "Tabarmar nan ta mai gari ƙaiƙayi gare ta." Na ce, "Ke da kinka saba kwana kan kara." Washegari ta gaya mani da tsohuwar takardar ta hura wutar dumame, ta ce ba ta ma ci da kyau ba.

Da katafila ta iso burtali, an rufe shi 'yan kwanaki, shanu sunka riƙa zagayawa ta bayan maƙabarta. Ardo kullum yana bakin ramin da malfarshi, tun fitowar rana har su tashi aiki. Ya ga an saukar da bututun, ya ga an haɗa bakinsu, ya ga an maida ƙasa an daddaɓe. Ranar da anka buɗe, shi da kanshi ya jawo babban bijiminshi ya ratsa da shi, ya juyo ya sake ratsawa. Sannan ya aika a maida rumfar maruƙa.

Da marecen ranar ƙawata ta shigo, ƙwaryar nono a ka.

"Kaɗo, ba ni ƙwaryata."

"Wace? Ba kyauta kinka ba ni ba?"

"Ajiya na ce. Kunnenki ya tsufa."

Na ɗauko na ba ta.

Bayan an saki ruwa, mun sami wurin zama, ni da ita, jikin aguwa inda kanal ke nutsewa. Ta kan tsinki ganye ta jefa, ta tashi da ƙyar ta taka burtali zuwa ɗaya gefen, ta tsaya tana jira. In ya ɓullo ta ɗaga mani hannu. In bai ɓullo ba ta ce laifin ganyen ne. Shekaru munka yi a haka, ba zan ce kaɗan ba.

Da ciwonta na ƙarshe ya zo, ba mota na hau ba. Jikokinta sunka sauko sunka kira ni, na bi burtali da sandata, ina hutawa ina tashi. Na same ta da sauran magana. Ni na ɗiga mata ruwa, ni na rufe mata ido, da ni anka yi mata wanka. Tana nan kan tudu, in na fito bayan gida ina hango ƙiryar da ke kusa da ita.

Ƙwaryar kuwa, ƙawata ta bar wasiyya a ba jikata. Tana wurinta a Sakkwato, da ita take ba ɗiyarta kunu.

Idona yanzu ya yi nisa da gani. Da marece na kan sa a fitar mani da kujera ƙofar gida, in ji ƙararrawar saniyar gaba tun daga tudu. Ko sun iso bayan gida, farin abu ɗaya nake gani, dogo, yana motsi. Sai in kasa kunne in ji takunsu, wagga ta wuce, shiru kaɗan, wata ta biyo, har su gama sauka mashaya.